Haƙƙin Mai Kwasar Shara A Kan Wanda Ya Sa Shi Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya sanya tsarki ya zama sharaɗin salla. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Amma bayan haka, darasin wannan mako ya shafi waɗansu bayin Allah ne da kowane gida ke bukatarsu, amma ba kowa ke tunawa da haƙƙinsu ba, watau masu kwasar shara, da masu yasar masai, da leburorin da ake kira su kwashe tarkacen tsohon ɗaki ko ginin da ya rushe. Mas'alar ita ce: idan Musulmi ya ɗauki ɗan'uwansa wannan aiki, ya biya shi ladansa, shin ya sauke nauyin da ke kansa ke nan? Ko kuwa lafiyar ma'aikacin da ransa amana ce a wuyansa har a gama aikin?

Wannan tambaya ta dace da Dutse ƙwarai. Tun ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta, garin yake ta faɗaɗa. Ma'aikatan gwamnati sun taru, an kafa jami'ar tarayya a shekarar 2011, gidajen haya sun yawaita a unguwanni irin su Takur da Yalwawa da Danmasara. Duk ɗan hayar da ya tashi, sai an share gida kafin wani ya shiga. Har ila yau, a shekarar 2022 aka shelanta Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Wannan abin a yaba ne, sai dai kowane ramin masai da aka haƙa, wata rana zai cika, kuma mutum ne zai yashe shi.

Matsayinsu a Musulunci

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wata baƙar mace da take share masallacin Madina. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah ba, kamar dai an ƙanƙantar da al'amarinta. Da ya daina ganinta sai ya tambaya, aka gaya masa. Ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce a kai shi kabarinta, ya je ya yi mata salla. Shugaban halitta ke nan ya lura da rashin mai shara, ya taka da ƙafarsa zuwa kabarinta. Muslim kuma ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana daga cikin rassan imani. Wanda ya wuni yana kawar da ƙazanta daga ƙofofin Musulmi, in ya kyautata niyya, yana cikin aikin lada daga safe har yamma.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya lissafa sana'o'in da jama'a ba ta iya zama sai da su, kamar noma da saƙa, a cikin farillan da in waɗansu suka yi an ɗauke wa saura. Kwasar shara ba ta fita daga wannan ma'auni ba, domin garin da aka bar juji ya toshe magudanansa, kwalara da zazzaɓin sauro ne za su zama baƙinsa da damina. Saboda haka raina mai wannan sana'a jahilci ne, sakaci da lafiyarsa kuwa zalunci ne.

Haɗarin da ke cikin aikin

Kafin a yi maganar hukunci, ya kamata a san abin da ake tura mutum cikinsa. Na farko, tsohon ɗaki ko rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. A nan kububuwa da kunama suke fakewa a ƙarƙashin buhuna da itatuwa. A nan kuma kashin ɓera da fitsarinsa suke bushewa su gauraya da ƙura. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a shekarar 1969, ta wannan hanya yake kama mutum, kuma ya fi yawa da rani. Bangon ƙasa da ya sha ruwa, irin waɗanda aka yi ta kwashewa a ƙauyukan jihar bayan ambaliyar shekarar 2022, yakan faɗo wa mai aiki ba shiri.

Na biyu, ita kanta sharar. Sharar da kakanni suka sani toka ce da kashin dabbobi da dusa, manoma suna ɗiba a mangala su kai gona taki. Ta yau kuwa tana ɗauke da fasassun kwalabe, da reza, da ƙusa mai tsatsa, da allurar da aka yi wa majinyaci a gida. Raunin da ƙasa ta shiga yana iya jawo cutar nan mai sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, allurar da ta taɓa jinin wani kuwa tana iya ɗauke da ciwon hanta ko cutar ƙanjamau. Akwai galan-galan na maganin feshi da manoman Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu suka gama amfani da su, akwai tsohon batirin mota mai ruwan guba da dalma. Sharrin dalma ba ɓoyayye ba ne, gama a shekarar 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara, a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje.

Na uku, wanda ya fi duka saurin kisa, shi ne ramin masai. Ƙazanta in ta ruɓe a rufe tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar ta fi ta numfashi nauyi, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya. In ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi, ya suma a cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake faɗuwa, gawa ɗaya ta zama biyu ko uku. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci yana tare ƙura, amma ba ya tare wannan iska.

Abin da ya wajaba a kan mai gida

Abu na farko shi ne bayani. A fiƙihun Malikiyya, ijara, watau ɗaukar mutum aiki a kan lada, ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan, domin a kauce wa garari. Mai gidan da ya san akwai maciji a ɗakin, ko murfin masai ya tsage, ko akwai allurai a cikin buhun, ya yi shiru don kada a tsawwala masa kuɗi, ya sa ɗan'uwansa ya yarda da abin da bai sani ba. Wannan algus ne, kuma Manzon Allah ya barranta daga mai algus.

Na biyu, killace abin da ke yanka tun daga gida. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. To, idan an hana mutum barin tsinin kibiyar da ke hannunsa a buɗe, yaya wanda ya tura fasasshiyar kwalba cikin leda, alhali ya san hannun wani zai damƙe ta? Abin da ya dace shi ne a zuba allura da reza a cikin gwangwani ko gorar roba mai kauri a toshe, a naɗe gilashi a kwali a ware shi gefe, a huda galan ɗin maganin feshi don kada wani ya tsince shi ya zuba ruwan sha. Wannan aiki ne na matan gida da yara kamar yadda yake na mai gida.

Na uku, kayan aiki da gwargwadon aiki. A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah ya kira waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum 'yan'uwansa, ya yi umurni a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora a taimake su. Taimako a wannan aiki shi ne safar hannu mai kauri, da takalmin ruwa, da takunkumi, da shebur da manjagara da baro, da ruwa da sabulu a ƙarshen aiki. Kuɗinsu bai kai kuɗin jinyar ƙafar da ta ruɓe ba. Yana daga cikin ɗora abin da ya fi ƙarfi a sa yaro ƙarami, almajiri ne ko ɗan maƙwabta, ya ɗauki bola zuwa juji ba takalmi saboda ɗan abincin da za a ba shi. Ladan aiki kuwa, Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya shi tun gumin ma'aikaci bai bushe ba.

Mas'alar lamuni

Wani zai ce ai ya inganta a hadisi cewa wanda ya mutu a rijiya ko a ramin ma'adini ba a bin kowa diyyarsa. Haka ne, kuma malamai sun sanya leburan da aka ɗauka haƙa a cikin wannan hukunci. Amma sun fassara shi da inda babu ta'addanci ko sakaci daga mai wurin. Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ajiye wani abu a hanyar Musulmi inda bai halatta gare shi ba, shi ke da lamunin abin da ya lalace saboda shi. Ashe wanda ya zama sanadin cuta ta hanyar da ba ta halatta ba, bai kuɓuta ba. Yanke hukunci a kan kowace shari'a aikin alƙali ne bayan ya ji shaidu. Sai dai mai hankali ya sani, abin da ya ɓuya ga alƙalin duniya ba ya ɓuya ga Allah.

Abin da ya wajaba a kan ma'aikaci

Shi ma ma'aikaci jikinsa amana ne a hannunsa. Allah ya hana bayinsa jefa kansu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Waɗansu sukan ce sun shekara ashirin suna yi da hannu ba abin da ya same su, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Amsarsu tana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Safar hannu da takalmi su ne igiyar raƙumar mai shara.

Saboda haka ya buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya, ya motsa kaya da sanda kafin ya sa hannu. Kada ya danna buhun shara da tafinsa ko ya rungume shi a ƙirji. Kada ya cinna wa bola wuta a tsakiyar gidaje, domin hayaƙin leda guba ne, gwangwanin maganin sauro kuma fashewa yake yi a wuta. Masai, in ana samun motar zuƙa ko famfo, to shiga rami ya zama jefa kai ga halaka ba da larura ba. In babu makawa, a buɗe shi ya daɗe yana shan iska, kada a kusanto da wuta ko taba, a ɗaura wa mai shiga igiya mai ƙarfi, mutum biyu su tsaya a sama. In ya faɗi a jawo shi da igiyar, kada kowa ya bi shi. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a ranar, gama maganin kariya daga ƙanjamau ba ya amfani in an wuce awa 72.

Nauyin shugabanni

Shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda yake shiga gida-gida yana leƙa randa da masai. A yau wannan nauyi yana kan hukumar kiyaye muhalli ta jiha da ƙananan hukumomi, tare da taimakon Masarautar Dutse ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Dokar diyyar ma'aikata ta shekarar 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma mai tura baro da ake ɗauka a ƙofar gida ba shi da takarda, ba shi da mai tsaya masa. Abin da ke tsare shi kawai shi ne tsoron Allah a zuciyar wanda ya kira shi. Ya kamata limamai su riƙa tunatarwa a kan mumbari, mawadata kuma su sani saya wa masu sharar unguwa takalma da safar hannu sadaka ce mai tsare rai.

Musulmi yana wanke gidansa ne domin neman yardar Allah, ba a kuwa samun yardar Allah da cutar da bawansa. Allah ya kiyaye masu neman halali da guminsu, ya ba masu sa aiki ikon sauke amana, ya sa a dace duniya da lahira, amin.