Darasi: Ƙwayar Zarra da Jadawalin Sinadarai

'Yan'uwana, yaranmu da yawa a makarantun sakandare na Tudun Wada suna gudun darasin kemistiri, sun ɗauka hadda ce tsantsa. Suna rera sunayen sinadarai kamar aku, ranar jarrabawar WAEC kuwa kai ya ɗaure. Mu koma tushe, gama wanda ya gane tushe ba zai sha wahalar reshe ba.

Kowane abu, ko gishiri ko ƙarfe ko iskar da muke shaƙa, an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. A cibiyar ƙwayar akwai furoton da niyutoron, ilektoron kuma suna kewaye da ita zagaye bisa zagaye. Yawan furoton shi ne lambar sinadari, shi ne kuma shaidarsa: haidirojin 1, sodiyam 11, kulorin 17, ƙarfe 26.

Halin sinadari kuwa yana ga ilektoron na zagayen waje. Na sodiyam an jera su 2, 8, 1, na kulorin 2, 8, 7. Sodiyam yakan ba da guda ɗayan nan, kulorin ya karɓa ya cika takwas, su manne. Abin da ya fito shi ne gishirin miyarmu. Fotasiyam, mai lamba 19, wanda manomi ya sani cikin takin NPK, shi ma ilektoron ɗaya gare shi a waje. Saboda haka yana ƙarƙashin sodiyam a jadawali, halinsu kuma ya yi kama, kamar 'yan gida ɗaya.

A shekarar 1869 Dimitiri Mendelif, mutumin Rasha, ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa ga nauyinsu da halinsu. Ya bar gurabe domin waɗanda ba a gano ba tukuna, har ya faɗi kamanninsu. A 1875 aka gano galiyam, ya dace da gurbinsa. Yau jadawalin yana da sinadarai 118, jere bisa ga yawan furoton.

Wannan ilimi ba na Turai kaɗai ba ne. A nan Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙaramar tukunyar nukiliya ta fara aiki a 2004. Masana kan harba niyutoron cikin samfurin ƙasa ko abinci, su gane sinadaran da ke ciki.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ku ɗauki sinadarai 20 na farko, ku zana zagayen kowanne da hannunku, sa'an nan ku nemi gidansa a jadawali. Ku kuma iyaye, ku tambayi yaro dalilin da sodiyam ke manne wa kulorin. In ya iya bayyana muku da Hausa, to, ya gane.