Hanyoyin Tantance Majuya da Ɗigogi a Lissafin Kwadiratik

1.0 Gabatarwa

Lissafin kwadiratik shi ne wanda ke da siffar y = ax² + bx + c, matuƙar a ba sifili ba ne. Idan aka zana shi, yakan fito a lanƙwashe kamar baka. Wurin da zanen ya juya shi ne wannan maƙala ta kira majuya, bisa tsarin sunayen wuri irin su mashiga da mahaɗa. An fifita ta a kan ƙololuwa saboda ƙololuwa sama kaɗai take nufi, alhali idan a ya ɗara sifili, zanen a ƙasa yake juyawa.

2.0 Gano Majuya

A ɗauki y = x² − 6x + 5. Ƙa'idar ita ce x = −b/2a, wato 6/2, wanda ya ba da 3. Idan aka mayar da 3 cikin lissafin, y zai zama 9 − 18 + 5 = −4. Majuyar ke nan (3, −4).

3.0 Tantancewa

Ƙa'ida ba ta fallasa kuskuren mai aiki da ita. Ɗalibin da ya manta alamar ragi zai sami x = −3 da y = 32, ya wuce bai sani ba. Gwaji uku ke kama irin wannan.

Na farko, ɓangarori biyu na zanen tagwaye ne. Ɗigogi biyu masu nisa ɗaya daga majuya dole su ba da y ɗaya. A nan, x = 1 da x = 5 duk sun ba da 0. Amma a gefen −3, x = −2 ya ba da 21, x = −4 kuwa 45, don haka amsar ta rushe.

Na biyu, cike murabba'i, dabarar da Al-Khawarizmi ya bayyana a littafinsa na aljabara a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Lissafin zai koma y = (x − 3)² − 4. Tun da murabba'i ba ya gaza sifili, y ba zai sauka ƙasa da −4 ba.

Na uku, daga majuya zuwa dama, y yana tafiya −4, −3, 0, 5. Tazarar ita ce 1, 3, 5. Duk ɗigon da ya saɓa wa wannan jeri, akwai kuskure a cikinsa.

4.0 Kammalawa

Majuya ba ta tabbata sai ɗigogin da ke gefenta sun yi mata shaida. Ya kamata littattafan lissafi na Hausa su riƙa kawo gwajin tagwaye tare da ƙa'idar a darasi guda.