Nazarin Mayen Ƙarfe da Hasken Sinkiroton

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin maganaɗisu. Ya aro sunan daga Larabci, sa'an nan ya laƙaba masa nasa, wato mayen ƙarfe, ganin yadda yake cafke allura da ƙusa. Masu gyaran rediyo da janareto a Muciya da Sabon Gari kullum da shi suke aiki. Sai dai yawancin maganaɗisun da ke hannunsu gauraye ne. Na cikin lasifika, alal misali, tsatsar ƙarfe ce aka gasa da wasu ma'adinai. To, a cikin gaurayen, wane ma'adini ne ke ɗauke da ƙarfin jan? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ke amsa wannan tambaya.

2.0 Tushen Ƙarfin Ja

Kowace ƙwayar zarra tana da 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, kowannensu kuwa tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. A yawancin abubuwa sukan fuskanci sassa dabam-dabam, sai ƙarfinsu ya kashe juna. A cikin ƙarfe da kobal da nikel kuwa, da yawansu kan fuskanci gefe guda kamar sahun salla. Wannan haɗin kai shi ne ƙarfin ja.

3.0 Na'urar Sinkiroton

Sinkiroton wata makekiyar da'ira ce inda ake kora ilektiron da gudun da ya kusa na haske. Duk sa'ad da aka karkata musu hanya sai su fesa haske mai tsanani, har da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A 1947 aka fara ganin wannan haske a ɗakin binciken General Electric a Amurka. Na'urar ESRF da ke Grenoble a Faransa, wadda masu bincike suka fara aiki da ita a 1994, kewayenta mita 844 ne.

4.0 Yadda Ake Awon

Fifikon wannan haske iri biyu ne. Na farko, ana iya saita ƙarfinsa yadda ake so, kowane ma'adini kuma yana da matakin da yake shan haske: ƙarfe a wajen ilektiron-bolt 707, kobal 778, nikel 853. Ke nan mai bincike na iya kiran ma'adini guda da sunansa, sauran su yi shiru. Na biyu, ana iya sa hasken ya riƙa murɗawa dama ko hagu. Maganaɗisu ba ya shan hasken dama daidai da na hagu, bambancin kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin wannan ma'adini da gefen da ya fuskanta. Gisela Schütz da abokan aikinta ne suka tabbatar da haka a jikin ƙarfe a Hambug ta Jamus a 1987.

Baƙar tama mai bin maganaɗisu misali ce mai kyau. Ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinta sun kasu ƙungiya biyu masu ba juna baya, rinjayen ɗaya kan ɗaya shi ne ƙarfin da ake gani. Awon sinkiroton yakan nuna kowace ƙungiya dabam.

5.0 Matsayin Zariya

Zariya ba baƙuwar ƙarfe ba ce, domin a shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi sun tono tsofaffin matoyan tama a yammacin Samaru. A Samarun dai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take, da na'urorin eksire da tukunyar nukiliya da aka kunna a 2004. Waɗannan suna faɗin ma'adinan da ke cikin dutse da yawan kowanne, amma ba sa faɗin rabon kowanne a ƙarfin ja.

6.0 Kammalawa

Babu irin wannan sinkiroton ko ɗaya a nahiyar Afirka. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya sun haɗa hannu sun buɗe nasu, SESAME, a Jodan a 2017, masanan Afirka kuma sun yi taron farko kan gina nasu a Grenoble a 2015. Kafin hakan ta tabbata, tilas ɗalibin Samaru ya ɗauki tamar ƙasarsa ya ƙetare teku, ya bi layi. Mai kwana a tabarmar aro kuwa ba ya miƙe ƙafa yadda yake so.