Gashin Nama da Gawayi a Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba fifikon gawayi a kan itace wajen gashin nama a gida, tare da kalmomin da suka danganci aikin.

Kayan Aiki

Rundawa, wato mahauta a Sakkwatanci, sukan kafa tsire a tukuba, su gasa balangu a kan waga. A tsakar gida kuwa, kurfoti ake hurawa, musamman lokacin layya. Kurfoti kalmar aro ce daga Ingilishi, wadda Hausa ta ƙara wa wasali a ƙarshe domin ta dace da tsarin gaɓarta.

Fifikon Gawayi

Garwashi ba ya harshe kamar wutar itace, saboda haka nama yakan gasu har ciki ba tare da ya ƙone ba. Hayaƙinsa kaɗan ne. Gawayin ƙirya kuma yakan daɗe bai zama toka ba.

Illoli

Hura gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu yana iya kisa. Haka kuma, sare itatuwa domin gawayi yana ƙara kwararowar hamada a jihar.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsire da balangu.
2. Kawo kalmomin gashi biyar a karin harshenka.