Sea Buckthorn: Mu San Man Kafin Mu Saya

Duk mai leƙa shagunan kayan kwalliya zai iya cin karo da 'yar kwalbar man sea buckthorn, ga tsada. Kafin kuɗin abincin wata ya tafi, bari mu san abin da muke saye.

Shuka ce mai ƙaya, a kimiyyance Hippophae rhamnoides. Ƙasashen sanyi take so, irin su Sin, Rasha da Mongoliya. Kamar dabino take, akwai namiji akwai mace. Macen ce ke yin 'ya'ya, iska ke kai mata garin furen namiji. Shi ya sa manomi kan dasa namiji 1 cikin mata 6 zuwa 8, ya jira shekara 3 zuwa 4. Girbin ma wahala ne saboda ƙaya, sai a yanke reshen, a daskarar da shi, a karkaɗe 'ya'yan.

Man iri biyu ne. Na ƙwaya rawaya ne, yana ɗauke da omega-3 da omega-6. Na naman 'ya'yan kuwa ja ne kamar manja, shi ne mai omega-7. A gida akan matse ruwan, a shanya abin da ya rage, a jiƙa shi cikin man zaitun na 'yan makonni, sannan a tace.

To, 'yan uwa, a kula. Yana tausasa busasshiyar fata, amma ba man bilicin ba ne. Ja ɗin yana rina fata da tufafi, don haka a gauraya shi da wani man, a fara gwadawa a hannu. Mai sha'awar nomansa kuma ya riƙe kuɗinsa, hunturunmu bai kai sanyin da shukar ke buƙata ba.