Tunkuyi Gado Ne? Amsar Wasiƙun Makiyaya



Wasiƙar farko daga Getso ta fito, a ƙaramar hukumar Gwarzo. Mai wasiƙar ya ce bijiminsa ƙato ne, amma mafaɗaci, ga tunkuyi ga shuri. Yana tambaya, in ya bar shi yana barbara, maruƙan za su ɗauko halinsa?

To Malam, Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maraƙi na ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uba, rabi daga uwa, kuma masana kiwo sun tabbatar hali yana bin jini. Dubi Rahaji, jajayen nan masu dogon ƙaho: makiyayinsu kaɗai suke yarda da shi. Bokoloji kuwa, wato Gudalin Sakkwato, an san su da sanyin hali. Sai dai gadon nan bai kai a ce duk ɗan mafaɗaci mafaɗaci ne ba. Duka da tsawa tun yana maraƙi ma suna lalata sa. Amma saniya maraƙi ɗaya take ba ka a shekara in an dace, bijimi kuwa garke guda yake cikawa, don haka halinsa ya fi yaɗuwa. Shawarata, a dandaƙe shi, a yi kiwonsa a sayar. Wanda za ka ɗaura wa garma yara na biye da shi, natsuwarsa ta fi ƙibarsa amfani.

Ta biyu daga Garo take, ƙaramar hukumar Kabo. Wata baiwar Allah ce ke son haɗa karsanarta Bunaji da ƙaton bijimin Turai don ta samu manyan maruƙa.

Hajiya, girman jiki yana bin gado sosai, har ma ya fi hali. A cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, an daɗe ana haɗa Bunaji da shanun Turai na Friesian, ana samun ƙarin madara. Amma ki kula da abu biyu. Ƙaton bijimi a kan ƙaramar karsana na iya jawo wahalar haihuwa, gara ki bari ta yi haihuwar fari tukuna. Sannan ruwa-biyun nan ba su jure zafi da kaska kamar namu, kuma in babu harawa da dusa da rani, girman da suka gada ba zai fito ba. Kafin ki biya kuɗin barbara, ki nemi malamin dabbobi ya duba miki karsanar.

A ci gaba da aiko wasiƙu.