Shafukan Intanet na Cibiyoyin Ilimi da Mai Larurar Gani: Matsalar Haruffan Hausa Masu Ƙugiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda manhajar karanta allo take mu'amala da shafukan intanet, da ƙa'idojin da aka shimfiɗa domin masu larurar gani su amfana da su. Ta fi mayar da hankali ga rubutun Hausa, inda ta nuna cewa hanyar da aka daɗe ana bi wajen buga ɓ da ɗ da ƙ tana iya toshe wa makaho ƙofar karanta maƙalar da mai ido yake ganinta lafiya ƙalau.

1.0 Gabatarwa

A yau ta intanet ake neman gurbin karatu, ake biyan kuɗin makaranta, ake duba sakamakon jarrabawa, mujallun ilimi da dama kuma can suka koma. Wanda ba ya gani yana shiga waɗannan shafuka ne ta hanyar manhajar da take mayar da rubutun allo zuwa murya, ko zuwa ɗigogin Braille da ake shafawa da yatsa. Fitattu daga cikinsu su ne JAWS, wadda ake saye, da NVDA, wadda Michael Curran ya fara ƙirƙira a Ostireliya a 2006 kuma ake bayar da ita kyauta. A wayoyin hannu akwai VoiceOver na Apple da TalkBack na Android.

Abin lura shi ne manhajar ba ta kallon allo yadda ido yake kallo. Lambobin da ke ƙarƙashin shafi take bi, wato abin da maginin shafin ya shaida wa kwamfuta cewa wannan kanu ne, wancan jadawali ne, wancan kuma hoto. Duk abin da aka bar wa ido kaɗai ya gane, a wurinta babu shi.

2.0 Ƙa'idoji da Doka

Ƙungiyar W3C ce ta fitar da ƙa'idojin WCAG a 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Daga cikin sharuɗɗansu akwai cewa kowane hoto mai ɗauke da ma'ana a haɗa shi da bayani a rubuce, a kuma iya sarrafa shafi da allon bugu kaɗai ba tare da linzamin kwamfuta ba. An kuma buƙaci bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 saboda masu raunin gani.

Batun bai tsaya ga nasiha ba. A shekarar 2000 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Ostireliya ta sami kwamitin shirya gasar Olamfik ta Sidni da laifin wariya, bayan Bruce Maguire, wanda makaho ne, ya kai ƙara cewa ba ya iya amfani da shafin gasar. An umarci kwamitin ya biya shi dalar Ostireliya 20,000. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet ƙarara, sannan a Janairun 2019 aka sanya hannu a dokar haramta nuna musu wariya.

3.0 Inda Gizo Yake Saƙar: Rubutun Hausa

Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta sun yi dabara. An ƙera salon haruffa na musamman waɗanda suke aron gurbin wasu alamomi: a wani salon idan aka danna q sai ƙ ta fito, x ta ba da ɗ, v ta ba da ɓ; a wani kuma alamomin baka irin su } da ] aka ɗora wa wannan aiki. Dabarar ta yi rana ƙwarai, domin da ita aka buga littattafai da kundayen digiri masu yawa. Sai dai sura kawai ta sauya, lambar da ke ƙasa tana nan yadda take. Mai ido yana ganin "ƙasa" da "ɗaya", ita kuwa manhajar "qasa" da "xaya" take tararwa, ko kuma "}asa". A yanayi na biyu tana iya tsallake alamar gaba ɗaya, domin sau da yawa ba a saita ta ta furta alamomin rubutu ba, sai mai sauraro ya ji "asa". Maƙala mai shafi ashirin da aka buga haka ta zama wasa ƙwaƙwalwa tun daga take har ƙarshe.

Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa: ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253. Idan aka buga da su, harafin yana nan a matsayinsa ko da an sauya salo ko na'ura. Wasu marubuta suna gudun wahala su zubar da ƙugiyar ɗungurungum, amma wannan ma ba mafita ba ce, tun da "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa", ba kalma ɗaya ba ce. (Wani amfanin kuma, na'urar bincike ma da lamba take aiki, don haka maƙalar da ta cika da "qasa" ba lalle ne mai neman "ƙasa" ya same ta ba.)

Matsala ta biyu ita ce shaidar harshe. WCAG ta wajabta a bayyana harshen da aka rubuta shafi da shi, lambar Hausa kuwa ita ce "ha". Manhajojin gina shafi da yawa suna zuwa ne a saite da Ingilishi, kuma ba kasafai ake sauyawa ba. Sakamakon haka murya takan furta Hausa da ƙa'idar Ingilishi, ta karanta c ta "cewa" kamar s, ta haɗiye e ta ƙarshen "sake". A mujallar da take cakuɗa harsuna biyu, kamar tsakure da Ingilishi da gundarin aiki da Hausa, ana buƙatar kowane sashe ya ɗauki tasa shaidar.

Gaskiya ne sanya "ha" ba ya haifar da muryar Hausa idan na'urar mai karatu ba ta da ita. Samar da irin wannan murya ma aiki ne ja, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubuce. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala; sai na'ura ta fahimci jumla kafin ta san wanda za ta furta. Wannan fage ne da masana tsarin sauti da ginin jumla suka fi injiniyoyi abin cewa a cikinsa. Amma duk murya mai kyau da za a samar, ba za ta yi aiki a kan rubutun da haruffansa na aro ne ba.

4.0 Takardun da Aka Ɗauka a Hoto

Cibiyoyi sukan ɗauki hoton sanarwa ko jadawalin jarrabawa mai ɗauke da sa hannu da hatimi su ɗora a shafi, haka ma tsofaffin fitowar mujallu. A wurin manhaja wannan hoto ne kurum, babu ko kalma guda a ciki. Akwai manhajojin da suke ciro rubutu daga hoto, amma wadda aka horar da Ingilishi kaɗai takan ɗauki ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d. Saboda haka idan hukumar mujalla tana riƙe da ainihin kwafin da aka buga a kwamfuta, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a musanya haruffan aron da na Unicode. A yi hattara da salon q da x da v, domin musanyar kai-tsaye za ta lalata kalmomin Ingilishi da sunayen marubuta da ke cikin manazarta, don haka sai edita ya bi wannan sashe layi-layi.